Madarar Adda Saudatu

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Ilektirod ɗina ya sake ƙin magana. Ɗan abu kamar biro, da baƙin ido a bakinsa, amma ya fi jaki taurin kai. Na goge shi da farar hoda har ya yi sheƙi, na ɗiga masa ruwan girafin, wani baƙin sinadari dangin gawayi, da ƙwayoyin azurfar nan da ido ba ya gani, na jira ya bushe. Aikinsa kawai ya ji haidirojin a cikin ruwa, irin wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa. Na zuba, layin kwamfuta ya miƙe kamar gawa. Dakta Bamalli, mai duba aikina, ya ce, "Tabita, haƙuri." Shi ba ya bin motar Suleja zuwa Abuja kullum.

Alhamis, 4 ga Yuli

Yau ban yi magana da kowa a gidan hayar nan na Bagama ba sai Adda Saudatu, mai kawo mini madara daga wajen Sabon Wuse. Ita kaɗai ke zama a ƙofata. Ta sauke ƙwarya, ta cika mini kofi, ta ƙara gyara. Wai na rame, boko yana tsotse ni. Na ce mata ai mijina ke nan. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce to a sake shi.

Lahadi, 7 ga Yuli

Coci. An tashi kowa ya kama hannun nasa. Na dawo na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Talata, 9 ga Yuli

Ilektirod ya yi magana. Ashe fankar ɗakin gwaji ke busar da girafin da gaggawa, yana tsattsagewa. Na kife masa kofin gilashi ya bushe a hankali. Kowane ɗigo na haidirojin, layin ya hau kamar matakala. Na waiga in nuna wa wani, babu kowa. Na yi murna, amma murnar mutum ɗaya ba ta da auki.

Dakta ya ce saura gwaji a kan abin da mutane ke sha da gaske. Madara ta fi.

Laraba, 10 ga Yuli

Na juye gyaran Adda a kwalba na tafi da shi. Ban faɗa mata ba. Me zan ce? Dama so nake in nuna babu komai a ciki, sannan in zuba haidirojin da kaina in auna.

Ban zuba komai ba layin ya hau.

Na wanke, na sake. Na canza ilektirod. Ya hau. Ashe akwai haidirojin a cikin madarar. Zama na yi, kamar ni aka kama.

Juma'a, 12 ga Yuli

Dakta ya ji daɗi ƙwarai. Wai wannan ne zai sa a karɓi aikin. In karɓo wasu daga hannun matar, kuma kada in gaya mata, don kar ta daina zubawa kafin mu gama. A wajensa samfur ce. Ni kuwa idan ta daina zuwa, sai ni da bango.

Asabar, 13 ga Yuli

Ta zo. Na saya, ban sha ba. Tana ba ni labarin jikarta da ta fara tafiya, ni ina kallon ƙwarya. Jikar ma wannan madarar take sha.

Litinin, 15 ga Yuli

Na gaya mata. Cikina ba ya riƙe abu.

Ba ta musa ba ko kaɗan. Ta ciro 'yar kwalba daga ɗaurin zaninta. Wani mai babur ne ke sayar musu, wai maganin hana madara tsinkewa, tunda hanya da nisa ga rana. Ba ta san abin wanke ciwo ba ne. Na ce yana iya ɓata cikin yara. Sai ta ce, "Malama, da wace madarar kika auna?" Na ce da gyaran.

"Wanda na ba ki don Allah?"

Abin da ya ƙona ta ke nan. Ta ce da na tambaye ta, da ta ba ni ƙwaryar duka. Ta ɗora kayanta ba ta bari na taya ta ba.

Alhamis, 18 ga Yuli

Ba ta zo ba.

Talata, 23 ga Yuli

Dakta ya yi faɗa, ya ce na zubar da sakamako da bakina. Daga baya ya haƙura, za mu sayi madarar shago. Ilektirod yana aiki lafiya lau, ko ɗan kaɗan ne sai ya ji. Ina jin haushinsa, alhali bai yi mini ƙarya ba. Da safe idan na ji tafiya a ƙofa sai in leƙa da sauri. Mai ruwa ne. Ina kewarta, a nan dai zan iya faɗa.

Asabar, 27 ga Yuli

Na je Sabon Wuse. Doya ta fi araha a can, shi ya kai ni.

Na same ta a gindin mangwaro tare da 'yan uwanta. Babu madara a gabanta, sai nono. Tun da ta jefar da kwalbar, madarar kan tsinke kafin ta kai Suleja, masu shayin da take kai wa sun koma wajen wata. Wata 'yar uwarta ce ta gaya mini, ba ita ba. Na gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa kowa. Na ce, "Adda, ban kyauta ba." Ta ci gaba da dama fura.

Ba ta ce in zauna ba. Ta dai ɗan matsa a kan bencin. Na zauna har aka yi la'asar.

Doyar ma ban saya ba. Sai na koma Asabar mai zuwa.