Kalangun Marigayi a Cikin Akwati

Daren Asabar, watan Sha'aban

Yau na je bikin jikar ƙanwata a Beli. Ɗana Sabi'u ne ya yi kiɗa da fiyanonsa. Ya jona wani ɗan akwati da waya, wai shi ke ba da ganga, shi kuma yana bi da yatsu. Ina cikin cin tuwo sai na ji kalangun ubansa. Hannunsa ne sak, har ɗan jan nan da yake yi tun da yatsansa ya karye. Sabi'u ya ɗaga hannu yana shan ruwa, kalangu bai tsaya ba. Tuwon ya fita raina.

Da aka watse na kira shi. Ya ce, "Inna, daga tsohon kaset na kwaso na zuba a ciki. Saboda shi ake nemana har Karaye."

Na ce, "Ubanka ya tuba da kiɗa kafin ya rasu. Ni na tsinke igiyoyin kalangun da wuƙata yana kallo, na ce masa an gama ke nan. Yana kabari kana sa shi aiki?"

Ya cire wayar, ya miƙo min akwatin, ya nuna min inda zan danna komai ya goge. Ya ce shi ba zai iya ba.

Ga akwatin nan bakin tabarma, 'yar fitilarsa ja tana ci. Na kai yatsa, na janye. Alkawari dai na yi wa marigayi cewa an gama. Amma tun da aka binne mutumin nan, ko a mafarki bai zo min ba, sai yau.