Tumatirin da Inna Ta Ɗaura wa Tsumma

Auta,

Na tafi aiki kina ta sharar barci, to ga labari.

Da safe Inna ta zagaya bayan gida duba tumatir. Ta wuce nawa dogayen nan na kanti, jajur da su sumul-sumul, ko kallon arziki ba su samu ba. Sai ta je ta tsaya kan naki, mai tsaga-tsagar nan irin na Kaka, wanda ko a kasuwa ba mai tayawa. Ta ɓare ɗaya ta ɗanɗana, ta lumshe ido. Ta yagi bakin tsohon zanenta ta ɗaura wa babban cikinsu, wai na iri ne, kada kowa ya tsinka. Ina tsaye da bokiti a hannu ta ce, “Yarinyar nan hannun Kaka gare ta.”

Wa ya adana irin nan cikin kwalba da toka tun rasuwar Kaka? Wa ya ba ki shi? Wa ke ba shi ruwa kullum kina naɗe a bargo? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yau nawa kaɗai na shayar. Bokiti na bakin famfo. Ki zuba a gindi, ban da kan ganye, kuma kafin rana ta take, don irin Kaka ba ya jure ƙishi.

In ya yi yaushi, ke za ki gaya wa Inna hannun Kaka ya makara.

Yayarki