Albasar Talatu Ta Fi Tawa

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga ƙanwata Hajara, a Aliero.

Assalamu alaikum. Malama Esther ce ke rubuta mini, mai haya a ɗakin ƙofa, wadda ke koyarwa a firamare. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara da jikoki. Allah ya ƙara lafiya, ya rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, gwiwa ce dai ba ta barina. Ɗana Murtala na can Tarauni da iyalinsa, matarsa Zahra'u ta sauka lafiya, an sami namiji.

To, albasata ta ruɓe, gara ki ji daga bakina. Kuma da hannunki a ciki. Da kika zo bara kin ga Talatu, matar mai a-daidaita-sahun nan da suka tare a bayan katangarmu. Kika ɗebi irin da kika kawo mini kika ba ta rabi, kika zauna kina koya mata yayyafi da dashe kamar 'yar cikinki. Shekara ashirin da wani abu ina albasa a bayan gidan nan, tun Malam na da rai, duk layin nan wurina ake zuwa neman lawashi. Katangar kuwa gajeriya ce, kullum na je jan ruwa sai na hango nata, kore shar, ya kai gwiwa. Mata su wuce ƙofata su shiga gidanta. Na ji da kunnena wata na cewa ta Talatu ta fi ta Inna, wato tawa. Ranar ko tuwo ban ci ba.

Sai na aika aka sayo mini takin zamani na zuba, alhali albasa ta riga ta yi kai. Da lawashi ya fara kwanciya, lokacin da ake ɗauke ruwa a bar ƙasa ta bushe, ni sai na ci gaba da ba ta safe da yamma, har ana gobe zan cire. Na sani sarai ba a yi. Ni na koya miki wannan a lambun Baba kina 'yar mitsitsiya. So nake tawa ta fi tata girma, shi ke nan. Ita ta ɗauke ruwa sati biyu, ta cire, ta shanya a inuwa da lawashinta har wuya ya bushe, ta kitsa ta rataye a rumfa. Tawa ta fito manya-manya, ɗaya ta cika tafi. Na yanke lawashin tun yana ɗanye, na jibge ta a zaure a kan siminti inda mai wucewa zai gani. An kuwa gani. Sati uku ina jin daɗi, sai wari ya tashi. Wuyan ya yi kauri bai rufe ba, cikin duk ruwa, in kin danna sai yatsa ya shige. Kwando shida, abin da na tsira da shi bai cika kwano ba.

Kin san Murtala ya daɗe yana son ya gina shaguna a filin nan. Bara muka yi da shi cewa in albasa ta kai mu damina ba a sayi ta kasuwa ba, zai bar mini. Ran Juma'a ya zo, tun daga ƙofa ya toshe hanci. Ran Litinin aka sauke bulo a bakin lambun. Yana tsaye a kan bulon sai ga Talatu da kwando cike da albasa, ja, busasshiya, ɓawonta har ƙara yake, ta durƙusa ta ce ga ta miya. Ba da mugunta ta yi ba, shi ya fi ƙona mini rai. Murtala ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya sa mata albarka. Na karɓa. Miyar ta yi daɗi, na ce wa Esther ta sa wannan ma.

Abin da nake so, Murtala na jin maganarki fiye da tawa. Ki kira shi a waya kafin magina su zo, ki ce ya ba ni shekara ɗaya. Zancen taki da ruwa ya tsaya tsakaninmu. In ya tambaya, ki ce zafin bana ne.

Ki gaida Alhaji, da Hafsat da mijinta, da Abba in ya dawo daga makaranta. Esther na gaishe ki.

Ina binki rabin irin da kika raba. Ki ƙulle ki ba Audu direba, ya damƙa a hannuna, kada ya bi ta bayan gida. Fartanyata na wurin Talatu, ta riƙe, ba na nema. Ni kuma kwandonta na wurina, sau biyu tana aikowa. Ba zan mayar da shi wayam ba, kuma ba da albasar kasuwa ba. Ta jira baɗi. In Murtala ya zuba siminti, to kwandon ya zama nawa, ke za ki biya ta.

Ni ce yayarki,
Tasalla.