Turaren da Kinka Aiko

Gwanju, ƙasar Sin, 2008

Zuwa ga maiɗakina Nazifa, a Ƙonni.

Assalamu alaikum. Ya Inna da yara? Allah shi sa kuna lahiya.

Ni da sauƙi. Gashin da aka yi mini da na'ura bai cinye ciwon dajin duka ba, ya bar saura can bayan hanci. Sai likita ya zura siririn bututu mai fitila ta hancina, ya yanko shi. Ki gaya wa Inna ba a tsaga mini huska ba. Bayan wata ukku za su sake dubawa.

Turaren wutar da kinka aiko ya iso. Na kunna, har maƙwabcina ya leƙo yana yaba ƙamshi. Ni hayaƙin kawai na gani. Wannan kar ki gaya wa Inna.

Ku sa ni addu'a.

Mijinki,
Ubaidullahi