Ba Zan Sauke Tukunya Ba

Kwararafa, Jos

Zuwa ga Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yaya ƙafar Inna? A gaishe mini da Baffa, ya ci gaba da sa mu a addu'a.

Saƙonka ya iso, wai in rufe shagon abinci in dawo Gumel tunda korona ta bar ni da rauni. Yaya, ka yi haƙuri, ba zan dawo ba.

Lafiyata ƙalau. Sai dai numfashi kan yanke mini in ina hawan tudun gidanmu, sai in tsaya kamar mai gyara ɗaurin zani. Wannan kada Inna ta ji. Hanci da harshe kuwa tun jinyar ba su koma daidai ba, daddawa da sabulu duk ɗaya nake jin su. Rannan miya ta kama, ina tsaye a kanta ban ji ƙauri ba. Wani direba ya ture kwano ya ce, "Hajiya, girkinki ya mutu."

Na shiga wurin maƙwabciyata Chinyelu mai ɗinki na sha kukana. Da Hausarta ta Jos ta ce, "Uwani, kai ka dafa, ni zan zama bakinka." Yanzu ita ke ɗanɗana mini kafin in sauke. Direban nan jiya har ƙari ya yi.

A aiko mini da kuka mai kyau, ta nan ba ta kai tamu ba. Allah Ya bar zumunci.

Likita ya ce ɗanɗanon zai iya dawowa, zai iya ƙi. Ko ya dawo ko bai dawo ba, ina nan bakin murhuna.

Ƙanwarka,
Uwani