Inna, Ranar Asabar Za a Tafi da Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah ya yalwata miki makwancinki, ɗiyarki Rakiya ce daga gidanki na Zuru. Na san masu bibiyata a waya ne za su karanta wannan, ba ke ba. Amma ke nake so in faɗa wa.

Tun da kika rasu ƙarshen daminar bara, maigidana ya yarje mini na dawo gida da yarana biyu don in kula da Baba. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda a gabana kika yi shi shekara da shekaru.

Ina tuna safiyarki. Kafin rana ta fito kin share tsakar gida, koko yana kan wuta, dawar da kika jiƙa tun jiya tana jiran a kai niƙa. Mabuɗin rumbu yana kan ƙusarsa. Ban taɓa ganin kina gudu ba. In na jefar da tsintsiya na kama wanke-wanke, sai ki ce, "Rakiya, ƙarasa wannan tukuna, kwanukan suna nan."

Ni kuwa da gudu nake wuni. Kullum a makare nake isa firamaren da nake koyarwa, wani lokaci da takalmin wanka a ƙafata.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, Inna, wallahi na yi. Na riƙa sauraron masu koyar da tsara lokaci a waya. Na sa ƙararrawa tana tuna mini komai. Kayan makarantar yara tun da yamma nake goge su. Maganin hawan jinin Baba na rarraba shi a ƙananan robobi, kowace rana da tata. Lahadi na ware ta don niƙa da cefanen mako. Abin ya fara zama, har wata safiya na samu sararin zama kusa da Baba muka sha koko tare, yana ba ni labarin aurenku.

Sai ga Gwaggo Asabe da surukarta da jikoki, daga ƙauyensu na bayan Wasagu. 'Yan bindiga sun hana su noma, sun hana su barci. Da kayan jikinsu kawai suka iso. Na buɗe musu ɗakinki, na san haka za ki yi.

Garin da na auna na mako bai kai Laraba ba. Jikokin suka zubar da maganin Baba a ƙasa suka yi wasan girki da robobin. Wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, wayar ta mutu, ƙararrawa ta yi shiru. Ranar da likita ya sa mana don a mayar da Baba asibiti, ina tsaye a layin famfo da jarkoki. Ko kaɗan ba ta faɗo mini a rai ba, sai da mako ya zagayo.

Kafin in sake samun rana, Baba ya faɗi a bakin zaure yana shirin tafiya sallar Azahar. Yanzu hannunsa na dama da ƙafar ba sa motsi, magana ma da ƙyar take fita. Likita ya ce ko an kawo shi kan lokaci hakan na iya faruwa. Na ji shi, amma zuciyata ba ta karɓa ba.

A makaranta an ba wata malama ajina saboda yawan fashin da na yi. Ban ga laifinsu ba.

Yaya Sani ya zo daga Birnin Kebbi. Ya zauna kan turmi ya daɗe yana kallon gidan, wanki a jibge, tukunya ba a wanke ba. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma ya fi mini sauƙi. Ya ce zai ɗauki Baba ya koma wurinsa, can akwai masu hannu da yawa, asibiti kuma kusa. Na buɗe baki in ce a ƙara mini lokaci zan gyara, sai na rasa abin da ya rage ban gwada ba. Na ce to.

Ranar Asabar motar za ta zo. Yau na fara haɗa masa kaya, yana kwance yana bina da ido. Da na zo kan hulunansa ya yafito ni da hannun hagu. Na sunkuya, na kai kunnena bakinsa.

"Ki gaya wa Sani," in ji shi, "mu biya ta wurin Innarku kafin mu hau hanya. Ba na jin zan dawo."

Ban ce masa zai dawo ba, Inna. Na gyara masa matashi na ci gaba da ninke kaya.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya sassauta wa Baba, ya sa ciwon nan ya zame masa kankarar zunubi. Ni kuma Allah ya ba ni ƙarfin tsayawa a ƙofar gida ranar Asabar ba tare da ya ga hawayena ba. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rakiya
Zuru