Rariyar Gidan Gwaggo Hajo

Daga Ashafa Magini,
Lungun Maɗinka, yamma da Kasuwar Kurmi,
Cikin Birnin Kano.
Litinin, 4 ga Yuni, 1956 (24 ga Shawwal, 1375).

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Aikin Cike Kududdufai,
Cikin Birnin Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIKE KUDUDDUFIN 'YARDADA DA HALIN DA GIDAN GWAGGO HAJO YAKE CIKI

Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyalinka, ina neman izini in kawo kukana gabanka. Ni ne Ashafa Magini, wanda aka ɗauka ranar Litinin, 9 ga Janairu na bana, domin in shiga tsakanin masu aiki da mutanen lungunmu, in shawo kansu su yarda a cike kududdufin 'Yardada saboda sauro. Da hannuna na rubuta wannan, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, don haka a gafarce ni in an ga layi ya karkace. Na kasa zuwa wurin mai rubuta wasiƙa, domin akwai abin da bakina ba zai iya faɗa a gaban mutum ba.

1. Ba aiki mai sauƙi aka ba ni ba. Da farko babu wanda ya so a taɓa kududdufin nan. 'Yan'uwana magina a bakinsa suke haƙar ƙasa, sai da na yi musu sawu bakwai, na nuna musu wani rami wajen Ƙofar Kabuga, sannan suka sauko, kuma har yau wasunsu da ƙyar suke amsa gaisuwata. Masu wanki na bi su ɗaya bayan ɗaya. Liman kuma, na lissafa masa jariran da muka kai makwanci bara saboda zazzaɓi, sannan ya ce ya yarda. Mai Unguwa kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, tun ban rufe baki ba ya amince, don shi duk abin da ya fito daga ofis amincewa yake yi.

2. Mutum ɗaya ta rage, Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Ta haura shekara saba'in. Gidanta ne na ƙarshe, bayan ɗakinta a gaɓar kududdufin yake. Ita kaɗai a duk lungun ta yi tambayar da ta kamata, ta ce in aka cike, ruwan sama ina zai je. Na kai tambayar ga Malam Isyaku, safiyon da ke awon aikin, ya tabbatar mini cewa sai an haƙa lambatu ya ɗauke ruwan kafin a zuba ko mangala ɗaya ta ƙasa. A kan wannan magana tasa, ranar Juma'a, 3 ga Fabrairu, bayan an sauko daga masallaci, a zauren gidanta, a gaban Liman da Mai Unguwa, na rantse mata cewa ruwa ba zai kwana a gidanta ba. Ta ce ita ba ta san ofis ba, ba ta san takarda ba, Ashafa ta sani. Da wannan rantsuwa aka samu yardar da aka rubuta a ofishinka cewa mutanen lungu duka sun amince.

3. Ranka ya daɗe, a nan ne aka yi kuskuren, kuma ina roƙo a karanta wannan sashe a tsanake. A lungunmu ruwan sama ba ta hanya yake bi ba. Gida goma sha ɗaya ne a jere, indararonsu duk cikin tsakar gida suke zuba. Tun zamanin kakanni, kowane gida yana da rariya a gindin katanga, ruwa ya fita daga tsakar gidan wannan ya shiga tsakar gidan maƙwabcinsa, haka har ya taru a gidan Gwaggo Hajo, ya fita ta bayan ɗakinta ya faɗa kududdufi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Mata ne suka san shi, su ne suke tsokane rariya da kara in hadari ya haɗo. Da aka yi taro, maza aka tara, su kuwa galibinsu in ana ruwa suna rumfa a kasuwa ko suna fake a zaure. Malam Isyaku mutum ne mai kunya, ya san ba a shiga gidan matan aure, don haka ya tsaya daga waje ya auna hanya da igiyarsa, ya zana lambatu ta ƙofar gidajen. Ban ga laifin kunyarsa ba. Amma ni magini ne, babu gidan da ban shiga na yi yaɓe ba a cikin goma sha ɗayan nan, kuma ina tsaye kusa da shi riƙe da bakin igiyar, bai tambaye ni ba. Ni ma ban san abin da yake zanawa ba sai da na ga leburori sun kafa diga.

4. Ranar Litinin, 5 ga Maris, na gaya wa Malam Isyaku cewa an haƙa lambatun inda ruwa ba ya zuwa. Ya ce abin da ke kan taswira an riga an sa masa hannu, kuma aikina lallashin mutane ne, ba awo ba. Ranar Asabar, 21 ga Afrilu, da azumi a bakina, na sami Alhaji Gwadabe, ɗan kwangilar da aka ba cikon, na roƙe shi ya bar ko da ɗan kwari a bayan ɗakin tsohuwa. Ya yi mini dariya, ya ce tsofaffi ba sa rabo da ƙorafi, jakunansa suka ci gaba da juye ƙasa har ta fi gindin ɗakin tudu. Ranar 14 ga Mayu da ranar 22 ga Mayu na zo ofishinka, na wuni a kan benci. Akawu ya duba ya ce mini lambatu an haƙa, kududdufi an cike, alkawari ya cika. A takarda kam ya cika.

5. Ranar Laraba, 30 ga Mayu, bayan la'asar, aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Lambatun Malam Isyaku ko kaza ba ta jiƙa ƙafa a cikinsa ba. Ruwan gida goma sha ɗaya ya taru a tsakar gidan Gwaggo Hajo har gwiwata. Ni da matan lungun muka yi ta kwarfa da ƙorai da masaki har magariba. Washegari na duba ginin. Gindin bangon ɗakinta ya sha ruwa ya yi laushi, in ka danna yatsa sai ya shige, kuma bangon ya tsage daga ƙasa har azara, tsagin da hannuna ke shiga. Shekara talatin da ɗaya ina gini da ƙasa, na san bangon da zai ga kaka da wanda ba zai gani ba. Wannan ba zai ɗauki ruwa biyu irin na ranar Laraba ba. Na tokare shi da azara huɗu, amma tokara ba ta hana gindi narkewa.

6. Tun daga ranar zaman lafiyar lungu ya ɓaci. Gidaje uku sun toshe rariyarsu da tubali don kada ruwan maƙwabci ya shigo musu, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka kafa wurin. Mutanen da suke suna tare da jana'iza tare yanzu ba sa ga maciji. In na wuce ana nuna ni da baki, ana cewa ga wanda ya sayar da lungu. Wannan duk zan iya haɗiyewa.

7. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne Gwaggo Hajo ta ƙi fita daga ɗakin. Na gyara mata ɗaki a gidana, matata Kulu ta je ta durƙusa tana kuka, Liman da kansa ya yi mata magana. Amsarta ɗaya ce ga kowa: ɗanta ya rantse a gaban jama'a ruwa ba zai ci gidanta ba, in ta kwashe kayanta ta fita ta nuna wa duniya ɗanta maƙaryaci ne, ita kuwa ba za ta yi masa haka ba. Ba ta zage ni ba, ko kallon banza ba ta yi mini ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ranka ya daɗe, tsoro nake ji. Bakina ne ya zaunar da ita a ƙarƙashin bangon nan.

8. Maganin abin bai fi wunin aiki ɗaya ba. Kwata ce ta taku arba'in, daga bayan ɗakin, ta ratsa sabon cikon ta haɗu da lambatu. Magina shida sun ce za su haƙa tare da ni don Allah. Amma Alhaji Gwadabe ya kewaye filin da ƙaya ya sa mai gadi, ya ce har a karɓi aikin daga hannunsa duk wanda ya sa diga a wurin sai gaban alƙali.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon abu uku. Na farko, a ba mu izini a rubuce mu haƙa kwatar nan, a cikin makon nan, don kullum da yamma gabas sai ta yi baƙi. Na biyu, a turo wanda zai shiga gidajen ya ga rariyoyin da idonsa. Masu gidajen duka sun yarda, matan za su shige ɗaki har ya fita. Na uku, sauran unguwannin da za a cike musu kududdufi, a tura wata dattijuwa ta tambayi matan gida hanyar ruwansu kafin a ja igiya.

In an ga ni ne mai laifi, a kore ni, a hukunta ni yadda aka ga dama, ba zan ɗaga kai ba. Sai dai a fara ba da izinin.

Duk amsar da za a aiko, kada masinja ya kai gidana, ba zai same ni ba. Tun ranar Alhamis na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a ɗakin Gwaggo Hajo, tsakanin gadonta da bangon. A can za a same ni, ko izini ya riga zuwa ko ruwa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon duba mu da idon rahama.

Ni ne mai biyayya gare ka,

Ashafa Magini,
Lungun Maɗinka.